Na'urar tsince ƙwayoyin ruwan teku: wane allo zan saya, alhali milisakan 8 kawai gare ni?

Abba Fagge (Jidda): Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na zo da ƙoƙon bara. Aikin digirina na biyu shi ne haɗa wata na'ura da za ta riƙa duba ruwan Bahar Maliya tana tsince ƙananan halittun da ke cikinsa, musamman irin gansakukar nan mai toshe matatun tashoshin tace ruwan teku. Ruwan yana bi ta wata siririyar hanya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, kamara tana ɗauka, idan kwamfuta ta gane ƙwayar da muke nema sai ta buɗe bawul a karkatar da ita cikin wata kwalba daban. Kamarar USB3 ce, hoto 500 take ɗauka a daƙiƙa, kowanne fiksel 640 a 480, baƙi da fari. Ruwan yana gudun santimita 25 a daƙiƙa, kuma daga idon kamara zuwa mararrabar bawul milimita 2 ne. Wato milisakan 8 nake da su kafin ƙwaya ta wuce. Yanzu da laftof nake gwaji, amma malamina ya ce dole a ƙarshe komai ya shiga akwati ɗaya da za a iya ajiyewa a bakin teku. Wane allo, wato ƙaramar kwamfuta, zan saya: Raspberry Pi 5, ko Jetson, ko FPGA, guntun nan da mutum ke tsara da'irorin cikinsa da kansa? Kuɗin da aka ware mini bai kai riyal 3,000 ba.

Bashir (Riyad): Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa wannan ai ba abin dogon tunani ba ne. Jetson Orin Nano Super. Dala 249 kamfanin NVIDIA ya sa masa a Disamban 2024, kusan riyal 934 ke nan kafin a ɗora harajin kashi 15. TOPS 67, wato lissafi tiriliyan 67 a daƙiƙa. Ka horar da samfurinka na AI mai gane hoto, ka matse shi da TensorRT, manhajar NVIDIA mai ƙara masa sauri, shi ke nan. Pi 5 ba shi da GPU, guntun da ke yin lissafi da yawa a lokaci guda, da za ta yi maka wannan aikin.

Alhaji Garba (shugaban zaure): Wa alaikumus salam. Ni dai ban gane komai ba sai riyal 3,000. Allah Ya kawo masu sani.

Injiniya Usman (Jubail): Abba ɗana, kafin mu je kasuwa bari mu yi lissafi. 640 sau 480 ya ba ka bait 307,200. Sau 500, megabait 153 da ɗoriya ke nan a kowace daƙiƙa. USB3 za ta ɗauka ba matsala, don tana kai wajen 350 zuwa 400 a aikace. Da kamarar GigE ce, mai bin wayar intanet, da tuni ka maƙale, ita ba ta wuce kimanin 120. To wannan ɓangaren lafiya lau. Tambayata ɗaya: bawul ɗinka, milisakan nawa yake ɗauka kafin ya buɗe? Duba takardarsa ka faɗa mini.

Abba Fagge (Jidda): Baba Injiniya na duba. An rubuta milisakan 5.

Injiniya Usman (Jubail): Madalla. To ga kasonka. Kamara mai hoto 500 a daƙiƙa tana cin kusan milisakan 2 wajen fitar da hoto ɗaya daga idonta. Kafin ya bi waya, manhajar da ke kula da USB ta karɓa, ta miƙa wa manhajarka, ka ƙaddara wani milisakan ɗaya ya tafi, idan an yi sa'a. Bawul ya ci 5. Nawa ke nan? Takwas. Saura nawa na tunani? Sifiri. Ko Shaheen III, katafariyar kwamfutar nan ta Thuwal, aka ɗauko maka dungurungum aka jona, ba ta da lokacin da za ta ce uffan. Ba allo ne matsalarka ta farko ba.

Abba Fagge (Jidda): Innalillahi. Wata uku ina kallon lambar 8 ɗin nan ban taɓa cire na bawul ba.

Bashir (Riyad): To a sayi bawul mai sauri mana. Akwai na fiyezo, masu motsi da zarar wuta ta taɓa su, da ba sa kai milisakan ɗaya. Sai ya samu huɗu ko biyar, kuma ƙaramin samfuri a kan Orin ba ya cin haka.

Injiniya Usman (Jubail): Bashir, a matsakaici ba ya ci. Amma na'ura irin wannan ba da matsakaici ake auna ta ba, da mafi munin jinkirinta ake aunawa. Ka taɓa hawa motocin Makka a Bab Makka ta Jidda? Direba yana ta kiran saura mutum ɗaya, kai kana ciki kana gumi. Idan ta tashi gudu take kamar iska, amma ba ka san yaushe za ta tashi ba. Haka GPU take. Lambar TOPS da kake ambato ana samunta ne idan an cika mata ciki da hotuna da yawa a lokaci guda, da lissafin bit 8, kuma a yanayin da aka zubar da rabin lambobin samfurin. Shi Abba hoto ɗaya zai miƙa ya tsaya jiran amsa. Ga kuma Linux a tsakani, wanda zai iya ajiye aikinka ya tafi rubuta wani abu a faifai ko amsa wa intanet. Sau 999 amsa za ta zo a milisakan 3, ta dubun ta zo a 20. A hoto 500 cikin daƙiƙa, ɗaya cikin dubu na nufin kuskure duk bayan daƙiƙa biyu.

Ni FPGA zan ba shi shawara. A can ba a jiran hoto ya cika. Fiksel na shigowa ana sarrafa shi, layi biyu ko uku kawai ake riƙewa a ƙwaƙwalwa, kafin layin ƙarshe ya iso an riga an san girman ƙwayar da faɗinta da duhunta. Jinkirin na maikurosakan ne, kuma na yau shi ne na gobe, ba ya motsi. Kria KV260, wani allon FPGA, ta fito a 2021 a kan dala 199, tana da Zynq UltraScale+ a ciki, wato FPGA da firosesan ARM a guntu ɗaya. Linux na zaune a gefe yana harkar ajiya da allon nuni, aikin gaggawa yana hannun FPGA.

Bashir (Riyad): Yallaɓai da girmamawa, wata nawa zai yi kafin ya iya? Yaron nan Python ya sani. Ni na taɓa Vivado, manhajar tsara FPGA, a aji huɗu, ka canza layi ɗaya ka zauna kusan awa kana jiran ta gama haɗawa, a ƙarshe ta ce maka lokaci bai daidaita ba. Digirin wata 24 ne fa. Sannan bambance gansakuka da ƙwayar yashi ko kumfa ba aikin auna faɗi da tsawo kaɗai ba ne, shi ya sa ake son samfurin AI.

Injiniya Usman (Jubail): Wahalar koyo gaskiya ce, ban musa ba. Ni ma sai da na yi furfura a kanta.

Hamza (Makka, Shari' Mansur): Ya jama'a ni tambaya ce. Pi 5 ɗin da ya ambata fa, an yar da shi ke nan? Akwai kamararsa mai ɗaukar hoto gaba ɗaya a lokaci guda, mai Sony IMX296 a ciki, kuma ana ƙara masa guntun AI na Hailo mai TOPS 13. Duka ba za su kai rabin kuɗinsa ba. Yani me ya sa za a tsallake mai sauƙi?

Bashir (Riyad): Waccan kamarar hoto 60 take yi a daƙiƙa idan an buɗe ta duka. Shi 500 yake so.

Hamza (Makka, Shari' Mansur): Tayyib, na ji. Amma kamararsa ta USB3 ai za ta shiga Pi 5.

Injiniya Usman (Jubail): Za ta shiga. Kuma tunda ka tuna mini da USB, dole in gyara maganata. Abba, idan da wannan kamarar za ka tafi, rabin amfanin FPGA ya zube. Hoton USB ta wajen firosesa da Linux yake shigowa, sai ya cika a ƙwaƙwalwa sannan a tura wa FPGA. Abin da na bayyana a sama yana yiwuwa ne idan idon kamara ya shigo kai tsaye, ta mahaɗar kamara irin MIPI ko Camera Link ko CoaXPress. Wannan kuma sabuwar kamara ce, kuma ta CoaXPress ita kaɗai za ta cinye kuɗinka ta nemi ƙari.

Alhaji Garba (shugaban zaure): Yau ga Injiniya ya kayar da kansa da kansa. A rubuta ranar.

Malam Adamu Mai Wurno (Madina): Salam ya ikhwan. Ni ba mai digiri ba ne, gyaran na'urorin ɗakin gwajin asibiti nake yi, shekara 11 a Wad Madani ta Sudan kafin na zo nan. Abba, tambaya: hotunan da kake samu yanzu, ƙwayoyin suna fitowa garau ko suna jan wutsiya?

Abba Fagge (Jidda): Malam kamar kana wurin. Suna jan wutsiya, dogaye kamar shinkafa. Kuma hasken bayan hoton yana hawa yana sauka, har na zaci kamarar ce ta lalace.

Malam Adamu Mai Wurno (Madina): Kamara lafiyarta ƙalau. Fiksel ɗinka ɗaya maikuromita nawa ne a cikin ruwan?

Abba Fagge (Jidda): Kusan ɗaya.

Malam Adamu Mai Wurno (Madina): To santimita 25 a daƙiƙa daidai yake da maikuromita 250 a milisakan guda. Idan ka bar idon kamara a buɗe na milisakan ɗaya, ƙwayar ta ja layi mai tsawon fiksel 250. Ita kanta ƙwayar wataƙila 30 ce ko 40. Idan kana so kada ta motsa fiye da fiksel ɗaya, maikurosakan 4 ne iyakarka. Ba shata, mai buɗe idon kamara ta rufe, za ka dogara da ita ba, fitila za ka sa ta yi walƙiya: LED mai ƙarfi, a kunna ta na maikurosakan kaɗan a daidai lokacin da ido yake buɗe, a cikin akwati mai duhu. Hawa da saukar hasken kuma fitilar ɗakinku ce. Wutar Saudiyya zagaye 60 take yi a daƙiƙa, ba 50 irin ta Sudan da Najeriya ba, don haka fitilar silin tana ƙiftawa sau 120. Idonka ba ya gani, kamara mai hoto 500 tana gani sarai. Da zarar ka rufe akwatin ka koma walƙiya, wannan ya tafi.

Abin da ya sa na kawo wannan, duk allon da ka saya, idan hoton da ka ba shi shinkafa ce, shinkafa zai gani.

Abba Fagge (Jidda): Allah Ya saka da alheri Malam. Wallahi sati biyu na yi ina rubuta lambar da za ta daidaita hasken nan.

Dakta Rabi (Thuwal): Sannunku da ƙoƙari, yanzu na fito daga ɗakin gwaji na ga saƙonni sun taru. Abba ƙanina, bari in shigo ta ɓangaren ruwan, don a nan nake kwana nake tashi. Me ya sa kake ɗaukar hoto 500 a daƙiƙa?

Abba Fagge (Jidda): Anti, faɗin abin da kamara ke gani milimita 0.64 ne, ƙwaya tana ratsa shi a milisakan biyu da rabi. Idan na rage, wasu za su wuce ban gan su ba.

Dakta Rabi (Thuwal): Lissafinka daidai ne. Amma buɗe hotunan da ka ajiye jiya ka ƙirga nawa ne ke da wani abu a ciki. Ruwan Bahar Maliya ba shi da yalwar abinci, shi ya sa yake garau haka, mafi yawan hotunanka ruwa ne zalla. Kana wahalar da kwamfuta tana kallon babu, sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Kuma idan ka ce za ka ajiye su, megabait 153 a daƙiƙa ya haura gigabait 550 a awa ɗaya. Wane faifai?

Masu wannan sana'a sun daɗe da kauce wa hakan. Akwai na'urar da ake kira Imaging FlowCytobot, Robert Olson da Heidi Sosik suka ƙera ta a cibiyar binciken teku ta Woods Hole a Amurka. Ba ta ɗaukar hoto barkatai. Ruwa yana ratsa hasken leza, idan ƙwaya mai sinadarin kore na ganye ta gifta sai ta mayar da wani jan haske, na'urar jin haske ta ji, ita ce take cewa kamara da fitila: yanzu. Hoto ɗaya ga ƙwaya ɗaya. Yashi da kumfa ba su da wannan sinadarin, ba sa ma tayar da kamara. Ka ga rabin aikin da Bashir yake so AI ya yi, haske ya yi shi kyauta.

Sannan maganar milisakan 8. Wa ya ce dole mararraba ta zauna a milimita 2? Kai ka zana hanyar. Mayar da ita santimita ɗaya, ka samu milisakan 40. Ƙungiyar Keisuke Goda ta Jami'ar Tokyo, da suka fitar da na'urar tsince ƙwayoyin halitta ta hanyar hoto a 2018, sun haɗa FPGA da firosesa da GPU gaba ɗaya, kuma duk da haka milisakan 32 suka ba kansu tsakanin gani da yanke hukunci. Su da kuɗinsu da tarin injiniyoyinsu ba su ce 8 ba.

Bashir (Riyad): To ai shi ke nan, da milisakan 40 Jetson ya wadatar har da canji. Na faɗa tun farko.

Injiniya Usman (Jubail): Ka faɗa, amma ba don wannan dalilin ba. Dakta, ina da ja a kan tsawaita hanya. Ruwa a siririn bututu ba gudu ɗaya yake ba. Na tsakiya yana ninka matsakaicin gudu, na jikin bango kusan a tsaye yake. A milimita 2 bambancin ba zai dame shi sosai ba. A santimita ɗaya, ƙwaya biyu da suka wuce kamara tare za su iso mararraba a lokuta mabambanta. Ko kuskuren kashi 5 cikin ɗari a gudu, milisakan 2 ne, rabin milimita ke nan. Bawul zai buɗe wa ruwa, ƙwayar ta riga ta wuce ko ba ta iso ba.

Dakta Rabi (Thuwal): Gaskiyarka Injiniya, kuma shi ya sa ba a sakin samfurin ruwa ya cika bututu. Ana rako shi da tataccen ruwa ta gefe da gefe, ya matse shi ya zama siririn zare a tsakiya, duk ƙwayoyin su bi layi ɗaya da gudu kusan ɗaya. Wannan zai ƙara masa da wani alheri: duk za su zauna a inda madubi ya fi gani garau. Idan kuma yana son ƙarin tabbaci, ya sa na'urar jin haske ta biyu dab da mararraba. Ta farko ta ce ga ƙwaya, a ɗauki hoto. Ta biyu ta ce ga ta ta iso. Famfon ne zai ba shi ciwon kai, irin mai matsa tiyo yana tura ruwa da bugu-bugu kamar zuciya. Na sirinji ya fi santsi.

Injiniya Usman (Jubail): Na yarda. To yanzu aikin ya rabu biyu, kuma a nan nake so Abba ya buɗe kunne. Akwai aikin agogo, akwai aikin tunani. Kada ka ba wa allo ɗaya duka biyun.

Aikin agogo: jin ƙwaya ta gifta, rubuta lokacin, tayar da kamara ta wayar tayarwa ba ta USB ba, kunna walƙiya na maikurosakan 4, ƙirga lokaci, buɗe bawul. Wannan ƙaramin guntun sarrafawa ne zai yi, wanda ba shi da Linux ba shi da wani shagali. STM32, ko ma Raspberry Pi Pico mai dala 4, riyal 15. Pico yana da wasu ƙananan injina da ake kira PIO waɗanda ke kunna waya su kashe a ƙidayar agogo ba tare da sun jira firosesa ba.

Aikin tunani: babban allo ya karɓi hoto, ya duba, ya ce wa ƙaramin ƙwaya mai lamba kaza a ɗauke ta ko a bar ta. Dole kowace ƙwaya ta samu lamba, don wata na iya shigowa kafin ta farko ta isa mararraba. Idan amsa ba ta zo a kan lokaci ba, ƙaramin ya bar ƙwayar ta wuce, ya rubuta cewa an makara. Ka ga a nan jinkirin Linux ya daina zama bala'i, ya koma asarar ƙwaya ɗaya da ka san da ita, har ka iya rubuta adadinsu a kundinka.

Hamza (Makka, Shari' Mansur): To idan haka ne Pi 5 ɗina ya dawo fili ke nan, ko?

Bashir (Riyad): Ya danganta da samfurin. Idan girma da siffa kawai zai auna da OpenCV, manhajar sarrafa hoto, Pi 5 ya isa, firosesa huɗu ne masu gigahaz 2.4. Idan sai ya bambance jinsi da jinsi, ni har yanzu Jetson nake gani. Wani amfaninsa, firosesa da GPU ƙwaƙwalwa ɗaya suke ci, ba sai an kwashe hoto an kai wani wuri ba. Kuma Hailo sai ka juya samfurinka zuwa tsarinsu, ba kowane irin samfuri yake karɓa ba. Abu ɗaya da zan yarda da Injiniya: kada ka bar ɓangaren gaggawa na manhajarka a Python. Rubuta shi da C++, ka keɓe masa firosesa guda, ka kulle saurin allon kada ya riƙa hawa da sauka. Tun Linux 6.12 ma facin PREEMPT_RT mai rage jinkiri ya shiga cikin asalin kanel, wato zuciyar Linux, duk da cewa allunan nan ba kullum suke tafiya da sabon kanel ba.

Dakta Rabi (Thuwal): Bambance jinsin yana da muhimmanci, kada a raina shi. Abin da ya faru a 2008 zuwa 2009 a Tekun Oman da Tekun Fasha, jinsi ɗaya ne, Cochlodinium polykrikoides, ya yi ambaliya har wasu tashoshin tace ruwa a Daular Larabawa da Oman suka tsaya. Mu nan ruwan da ake sha a Jidda da Makka, mai yawa daga tashar Shu'aiba yake zuwa. Amma a Bahar Maliya za ka yi ta cin karo da Trichodesmium, wanda zare-zare ne dogaye masu dunƙulewa. Shi kam ba AI zai fara ba wa wahala ba, hanyar ruwanka zai toshe. Sa rariya a gaba.

Malam Adamu Mai Wurno (Madina): Tunda an zo maganar akwati a bakin teku, bari in ba da labarin wautata. Na taɓa haɗa wa wani ɗakin gwaji ƙaramar na'urar ɗaukar hoton gilashin jini. A ɗaki mai sanyi na gwada ta sati guda, tana aiki kamar agogo. Na rufe ta a akwatin roba ba ƙofar iska, don ƙura. Ranar da na'urar sanyaya ɗakin ta tsaya, kafin azahar hoton da ke fitowa a daƙiƙa ɗaya ya koma daƙiƙa uku. Na canza waya, na canza kati, na zargi kowa. Da na buɗe murfin na ɗora yatsa a kan guntun sai da na janye da sauri. Allon yana rage gudunsa ne don kada ya ƙone, kuma ba ya sallama kafin ya rage. Laifina ne, ba na kowa ba. Pi yana fara wannan ragewar a digiri 80. Jidda a watan Yuli, akwati a rana, ba ka da nisa da nan. Jetson kuma wat 15 zuwa 25 yake ci idan ka sake shi, duk zafi ne da sai ka san inda za ka kai shi.

Fanka kuma a bakin teku gishiri take jawowa ciki. Gara akwatin alminiyom a rufe ruf, guntun ya jingina da jikin akwatin ta ƙarfen shan zafi, a sa rumfa a sama. Katin SD ma kada ka yarda da shi. Mu da muka yi aiki inda wuta ke ɗaukewa ba sanarwa mun san yadda yake lalacewa idan an yanke shi yana cikin rubutu. Sa faifan NVMe, ɓangaren tsarin kuma ka mayar da shi na karantawa kawai.

Alhaji Garba (shugaban zaure): Malam Adamu yatsan ya warke dai ko?

Malam Adamu Mai Wurno (Madina): Alhamdulillah Alhaji, sai dai girman kan ne bai warke da wuri ba.

Abba Fagge (Jidda): Na gode ƙwarai, kaina ya cika har ya yi nauyi. To a taƙaice wanne zan saya?

Injiniya Usman (Jubail): Kada ka sayi komai wannan satin sai Pico da LED. Laftof ɗinka ya ci gaba da zama babban allo. Haɗa tayarwa da walƙiya tukuna, ka samu hotuna masu kyau, ka ga wane irin lissafi ne yake iya bambance ƙwayoyinka. Sai ka san nauyin kaya za ka san jakin da zai ɗauka. Sannan ka auna jinkiri da osiloskop, na'urar da ke zana siginar wuta a fuskarta, ba da agogon cikin manhaja ba. Waya ɗaya a kan siginar tayar da kamara, ɗaya a kan siginar amsa. Bar shi ya kwana yana tara alamomi a kan fuskarsa ba ya gogewa. Da safe ka duba alamar da ta fi kowace nisa. Ita ce lambarka.

Bashir (Riyad): Ina da Orin Nano da ba na amfani da shi sai ƙarshen wata. Zan zo Umra ranar Alhamis, sai in taho maka da shi ka gwada kafin ka kashe kuɗi. Amma amana ce, kada ruwan gishiri ya taɓa shi.

Hamza (Makka, Shari' Mansur): Ni kuma Pi 5 ɗina yana nan. A gwada su biyun a kan osiloskop ɗaya, a daina musu da baki. Bashir idan ka gama ɗawafi ka kira ni, akwai mai tsire a unguwarmu, sai Abba ya hau jirgin Haramain ya same mu.

Abba Fagge (Jidda): Assalamu alaikum, ga rahoto bayan kwana tara. Walƙiya ta yi aiki, wutsiya ta ɓace, yau na ga sarƙar ƙwayoyi huɗu garau har ina iya ƙirga su. Hasken baya ya daina rawa. Na bar allunan biyu sun kwana a kan osiloskop. Da lissafin girma da siffa, duka biyun suna amsawa da wuri, ba wanda ya kusanci 40. Da samfurin AI, Jetson yana ciki da sauran fili, Pi ba tare da Hailo ba yana haura 40 ɗin jefi-jefi. Amma akwai abin da ban gane ba. A kan Jetson, hoton farko bayan an daɗe ba ƙwaya yana ɗaukar lokaci fiye da sauran nesa ba kusa ba.

Bashir (Riyad): GPU ce take yin barci idan ba aiki. Ka kunna jetson_clocks, umarnin da ke kulle saurin allon a sama? Idan ka kunna kuma bai daina ba, riƙa ba ta hoton banza lokaci-lokaci don kada ta huce.

Malam Adamu Mai Wurno (Madina): Idan ka hana ta barci zafi zai ƙaru. A wane ɗaki ka yi gwajin?

Abba Fagge (Jidda): Ɗakin gwaji Malam, sanyi har sai da na sa rigar sanyi.

Malam Adamu Mai Wurno (Madina): To maimaita shi a rufin bene da azahar, a cikin akwatin.

Dakta Rabi (Thuwal): Kuma da ruwan teku na gaske, ba wanda kuka raina a kwalba ba. Zan je ɗiban samfuri ranar Lahadi, zan ajiye maka lita biyu a firij. Ka zo da kula mai ƙanƙara, kuma kada ka wuce Litinin, bayan nan rabinsu sun mutu.

Injiniya Usman (Jubail): Abba, bawul ɗin fa? Ka auna shi ko har yanzu takarda ka yarda da ita?

Abba Fagge (Jidda): Ban auna ba Baba. Gobe in sha Allahu.